Sanda ko tukuici: zaɓen hanyar gyara halin kare a gida da kan titi

Kalmar horo tana da fuska biyu a Hausa. Idan aka ce an hori yaro, ana nufin an hukunta shi, idan kuma aka ce soja ya samu horo, ana nufin an koya masa aiki. Mafi yawan masu kiwon kare a garuruwanmu sun haɗe ma'anonin nan wuri guda, shi ya sa duk lokacin da kare ya fizge igiya a kan titi, ko ya fafari akuyar maƙwabci, ko ya daka tsalle ya ɗora ƙafafunsa a kan farar rigar baƙo, abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne bulala ko guntun tiyo. Akwai kuma masu ganin cewa a bar duka gaba ɗaya, a riƙa ba kare ɗan abin da yake so a daidai lokacin da ya yi abin da ake so, har abin ya zame masa jiki. Duk wanda ya ajiye kare domin gadin gida, ko tsaron gona da garke, ko farauta, dole wata rana ya zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu, ko da bai zauna ya yi tunani a kansu ba.

Koyar da kare ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi maganar dabbobin farauta da aka koya wa aiki, kuma malaman fiƙihu sun siffanta horarren kare da cewa shi ne wanda idan aka sake shi zai tafi, idan aka tsawata masa zai tsaya. Wannan ma'auni ya isa a gwada hanyoyin biyu da shi, domin abin da mai gida ke nema bai wuce kare mai jin magana ba, ko sanda tana hannu ko ba ta hannu.

Hanyar sanda ba duka kaɗai ba ce. Ta haɗa da fizgar sarƙa mai zargewa a wuya, da abin wuya mai ƙayoyin ƙarfe, da na lantarki wanda ake danna wa maɓalli daga nesa, da danne kare a ƙasa har sai ya daina motsi. Dukkansu manufarsu ɗaya, wato kare ya ji zafi ko tsoro a kan wani aiki don ya bar shi. Hanyar tukuici kuwa ta ginu ne a kan abin da masanin halayya B. F. Skinner na Amurka ya tsara tun 1938, cewa duk aikin da daɗi ya biyo bayansa dabba takan ƙara maimaita shi. Hanyoyin biyu suna da sharaɗi guda da ba a tsallakewa: sakamakon ya zo cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan aikin, in ba haka ba kare ba zai iya haɗa su a ransa ba. A nan ne sanda ta fara faɗuwa a cikin gida. Mutum zai dawo daga kasuwa da magariba ya tarar da takalmin da kare ya tattaune tun hantsi, ya hau shi da duka, kuma abin da karen ya koya daga wannan duka shi ne cewa dawowar mai gida haɗari ce. Maƙe wutsiya da sunkuyar da kai da zai riƙa yi daga baya, wanda ake cewa ai ya san laifinsa, tsoron fuskar mai gida ne kawai.

Adalci ne a faɗi abin da sanda ta iya. Tana tsayar da aiki nan take, ba ta cin kuɗi, kuma ba ta bukatar mutum ya koyi komai. Karen da aka zabga wa bulala yana tsakiyar tona shukar tsakar gida zai bar tonon a wannan lokacin, babu musu. Sai dai ta gaya masa abin da zai bari ne ba tare da ta nuna masa abin da zai yi a madadinsa ba, kuma tasirinta yana rataye ne da mai riƙe da ita. Shi ya sa ake samun gidan da kare ke laɓewa idan ya ji motar mai gida, amma da zarar ya fita sai ya raina uwargida da yara, ya shiga madafi ya ture tukunya. Akwai kuma wata illa da ta fi wannan muni. Tun binciken Ivan Pavlov na Rasha aka san cewa kare yakan danganta abin da ya ji a jikinsa da abin da yake gani a lokacin. Idan duk sa'ad da ya hango almajiri ko ɗan makaranta ya ja igiya sai sarƙa ta shaƙe masa wuya, zai iya ɗaukar cewa ganin yaro ne ke jawo azaba, sai ka tarar an rabu da jan igiya an samu kare mai ƙin yara. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri.

Masu bincike sun auna wannan. A 2009 likitocin dabbobi a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka sun yi wa masu karnuka 140 da suka kawo su asibitin gyaran hali tambayoyi, kuma cikin waɗanda suka ce sun doki karensu ko sun haure shi, kashi 43 cikin ɗari sun ce karen ya mayar musu da martani na faɗa, yayin da danne kare a ƙasa ya jawo irin wannan martani a kashi 31. A 2020 masu bincike a Jami'ar Porto ta Fotugal sun bibiyi karnuka 92 daga makarantun horarwa 7, suka samu cewa waɗanda ake koya wa ta hanyar azabtarwa sun fi nuna alamun damuwa, kuma sinadarin kotisol da ke tashi a jiki lokacin firgici ya fi yawa a yawunsu bayan darasi. A wannan shekarar ma wani gwaji a Jami'ar Linkon ta Ingila ya nuna cewa karnukan da aka koya wa amsa kira da tukuici sun fi waɗanda aka sa wa abin wuyan lantarki saurin amsawa. Yankin Wels na Birtaniya ya haramta abin wuyan lantarki tun 2010, kuma ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fitar da matsaya a 2021 cewa a riƙa horar da karnuka da tukuici kawai. Wani zai ce ai waɗannan karnukan falo ne na Turawa, ba karen gadi na Kano ko Maraɗi ba, kuma gaskiya ne rayuwarsu ta bambanta, amma wuya da jijiya da tsoro iri ɗaya ne a jikin kowane kare.

Hujjar da masu sanda suka fi riƙewa ita ce dole kare ya san wane ne shugaba, domin a cewarsu haka kyarketai suke zaune, mai ƙarfi ya danne na ƙasa da shi. Asalin wannan magana binciken Rudolph Schenkel ne na 1947, wanda ya yi a kan kyarketai da aka tara a gidan namun daji na Basel a Suwizalan, dabbobin da ba dangin juna ba ne aka cusa su wuri ɗaya, don haka faɗa ya yawaita a tsakaninsu. Masanin kyarketai David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya yaɗa ra'ayin, shi da kansa ya janye shi a 1999 bayan ya shafe shekaru yana lura da kyarketai a dajinsu a tsibirin Ellesmere na Kanada, inda ya ga cewa garken iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. Karen da ke jan igiya ba sarautar gida yake nema ba. Ya fi mutum sauri, hancinsa ya jiyo wani abu a gaba, kuma duk lokacin da ya ja yakan isa inda yake so.

Ita ma hanyar tukuici tana da nata nauyin, kuma wanda ya ɓoye wannan bai kyauta wa mai zaɓe ba. Tana cin lokaci, makonni ne ba kwanaki ba, tana bukatar kowa a gidan ya bi ƙa'ida ɗaya, kuma a wannan tsadar rayuwa ba kowa ne zai ware nama domin kare ba. Masu sukar ta suna kiran ta cin hanci, suna cewa kare ba zai yi komai ba sai ya ga abinci a hannu, kuma hakan yakan faru idan aka yi ta ba daidai ba, wato aka riƙa nuna abincin kafin a ba da umarni. Yadda ya kamata shi ne abincin ya zauna a aljihu, a ba da umarni, kare ya cika, a yaba masa da kalma guda da ba ta canzawa, sannan hannu ya shiga aljihu. Idan aikin ya kama jikinsa sai a riƙa bayarwa jefi-jefi, a cike gurbin da yabo da wasa. Maganar tsada kuwa tana da sauƙi, domin ana iya ɗibar wani kaso daga abincinsa na yini a riƙa ba shi a lokacin darasi, a bar dafaffiyar hanta da aka yanka ƙanana kamar ƙwayar wake domin wurare masu wuya. Kada a yi amfani da kilishi ko tsire, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, haka nan goro da cakulan da zabibi suna cutar da shi, kuma dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya soke masa hanji.

A kan titi ne bambancin hanyoyin ya fi fitowa fili. Mai sarƙa yana fizga duk lokacin da kare ya ja, kare ya dawo na ɗan lokaci, ya sake ja, a sake fizga, kuma karnuka da yawa sukan saba da zafin har a wayi gari ana tafiya suna tari da kakari amma ba su fasa ja ba, alhali maƙogwaro da jijiyoyin wuya ne ke ɗaukar wahalar. Mai tukuici kuwa yana cire ribar jan ne gaba ɗaya: da zarar igiya ta miƙe sai ya tsaya cak kamar turke, ba magana ba fizga, sai kare ya waiwayo igiya ta saki sannan a ci gaba, kuma duk 'yan takun da ya yi a gefen ƙafar mai shi a ba shi abu. A kwanakin farko tafiyar minti 10 za ta iya cin minti 30, kuma mutanen unguwa za su yi ta kallo suna mamakin abin da ya tsayar da mutum a tsakiyar layi. Shi ya sa ya fi kyau a fara a tsakar gida inda babu abin da ke ɗauke masa hankali, sannan ƙofar gida, sannan layi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kayan da za a riƙe shi da su ma zaɓi ne mai zaman kansa. Abin wuya mai faɗi na fata ko na zare ya ishi karen da ba ya ja sosai, a ɗaure shi yadda yatsu biyu za su shiga tsakaninsa da wuya. Ɗamarar ƙirji mai zobe a gaba ta fi dacewa da mai ja, domin idan ya yunƙura sai ta juyo da shi gefe maimakon ta ba shi abin dogara, saɓanin mai zobe a gadon baya wadda ke ƙara masa ƙarfin ja kamar an ɗaura wa bijimi garma. Ga manyan karnuka irin su Boerboel na Afirka ta Kudu, wanda namijinsa kan wuce kilo 60, akwai ragama ta kai mai kama da ta doki, wadda ke ba ko da mutum marar ƙarfi iko a kan inda kan kare zai juya, amma sai an saba masa da ita a hankali na kwanaki, kuma ba a fizgar ta ko kaɗan saboda wuya. Igiya mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu ta wadatar. Lokacin fita ma yana cikin horo, domin kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake rage zafin jiki, kuma a watannin bazara da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Damagaram kwalta tana ƙona masa tafin ƙafa. Fita bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya ta fi, kuma a lokacin asuba layi ba kowa.

Matsalar da ta fi jan igiya tayar da hankali ita ce kai hari ga abin da ke wucewa, akuya ko tunkiya ko babur ko A Daidaita Sahu ko yara masu gudu. A nan maganin tazara ne. Kowane kare yana da nisan da zai hango akuya bai rikice ba, kuma a wannan nisan ake aiki: ya kalli akuyar, a kira sunansa, ya juyo, a ba shi abu mafi daɗi da ke aljihu, a maimaita har ya zama ganin akuya yana sa shi waiwayo mai shi da kansa, sannan a rage tazarar kaɗan-kaɗan. Idan ya riga ya fara haushi da zabura, an matso da yawa, sai a juya a koma baya, domin a wannan hali ba ya jin kira kuma ba ya karɓar abinci. Karen da ya taɓa cizo ba ya fita sai da takunkumi mai kama da kwando, wanda ke barin sa ya yi haki ya sha ruwa. Wannan ba azaba ba ce, haƙƙin maƙwabta ne, kuma a unguwar da mutane da yawa ke gudun kare ya taɓa musu tufafin salla, riƙe shi kusa da ba mutane hanya wajibi ne a kan mai shi kowace hanya ya zaɓa.

A cikin gida, rabin abin da ake dukan kare a kansa ƙofa da katanga ne za su magance shi. Kare ba ya bambanta tabarmar salla da sauran tabarmi, kuma bai san randar ruwan sha ta fi kwanonsa daraja ba, don haka a rufe randa, a sa ƙaramar ƙofa a bakin madafi, a keɓe masa wurin kwanciya mai inuwa da ruwa, a koya masa kalma guda da ke nufin ya koma can. Wannan kalmar ce kuma maganin tsalle a kan baƙi. Ture shi da gwiwa ko daka masa tsawa yakan zame masa wasa, domin kula yake nema kuma ya samu, amma idan an saba masa cewa sallama a ƙofa tana nufin ya tafi wurinsa ya kwanta ya karɓi rabonsa, baƙo zai shigo da rigarsa fes. Haushin dare kuwa sai an fara sanin dalilinsa. Wanda ya yi haushi don ya ji motsi a bayan katanga aikinsa yake yi, abin da ake bukata shi ne mai gida ya leƙa, ya yaba masa, sannan ya koya masa kalmar yin shiru. Wanda kuma ke haushi dare farai ba dalili, galibi karen da aka kulle ne a keji tun safe har dare bai motsa jiki ba.

Kullen nan na keji yana da nasaba da babban tsoron masu karen gadi, cewa idan ba a doke shi ba, ba a ɓoye shi daga mutane ba, zai zama lusari ya kaɗa wa ɓarawo wutsiya. A ganina an juya maganar ne. Tsare wurin zama ɗabi'a ce da ke fitowa da kanta yayin da kare ya balaga, musamman a irin karnukan da aka ƙirƙira domin gadi. Abin da kulle da duka ke haifarwa shi ne kare mai tsoron kowa, wanda ba ya bambanta ɓarawon dare da mai tallar nono ko jikan mai gida, kuma irinsa ne ke jawo wa mutum shari'a da maƙwabta. Ɗan kwikwiyo yana da wani lokaci, daga mako 3 zuwa wajen mako 12 ko 14 da haihuwa, da yake karɓar duk abin da ya gani a matsayin abin yau da kullum, kuma wanda ya ga yara da awaki da kaji da masu rawani da masu hijabi cikin kwanciyar hankali a wannan lokacin shi ne zai iya gane abin da ya saɓa wa al'ada idan ya girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gurnani kuma bai kamata a doki kare a kansa ba ko kaɗan, domin gargaɗi ne, kuma karen da aka hana gargaɗi yakan koma cizo ba sanarwa.

Idan aka ɗora hanyoyin biyu a kan sikeli, tukuici haɗe da tsari na igiya da ƙofa da takunkumi shi ne zaɓin da zan ba kowa shawara a kai, ko ɗan kwikwiyo ne ko babban kare, sai dai babban da ya riga ya saba da duka zai ɗauki lokaci kafin ya yarda da hannun da ke miƙo masa abu. Abin da ya cancanci a aro daga masu sanda shi ne tsayuwa a kan magana ɗaya, wato abin da aka hana yau kada a yarda da shi gobe. Tsawa guda domin a katse kare da ke shirin faɗawa gaban mota ko kama kaza ba laifi ba ce, muddin za a bi ta da nuna masa abin da zai yi.

Akwai halin da ba na horo ba ne sam. Karen da ya canza hali kwatsam, ya fara cizon wanda ya saba da shi ko ya ƙi a taɓa masa wani wuri, likitan dabbobi yake bukata, domin ciwon kunne ko haƙori ko zazzaɓin kaska na iya zama sanadi. Idan kuma canjin ya zo da dalalar yawu, da cizon duk abin da ya samu, da kasa haɗiya, to a kulle shi nesa da kowa a kira ma'aikatan dabbobi, saboda ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 ya tafi asibiti a ranar. Allurar rigakafin kare ana fara ta ne tun yana wata 3, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu samar da ita.

Saura zaɓi na ƙarshe, mutum ya horar da karensa da kansa ko ya ɗauko mai horarwa. Kai kare wani wuri a bar shi makonni yana da sauƙi ga mai gida, amma bai ga abin da aka yi masa a bayan idonsa ba, kuma sau da yawa kare yakan dawo yana jin maganar wancan mutumin ba ta mutanen gida ba. Mai horarwa da zai zo gida ya koya wa mai gida da uwargida da mai gadi tare, a wurin da matsalar ke faruwa, ya fi amfani ko da ya fi tsada, kuma ga karen da ya taɓa cizo ɗauko gwani ba zaɓi ba ne, dole ne. Kafin a biya kuɗi a tambaye shi me yake yi idan kare ya yi daidai, me kuma yake yi idan ya yi kuskure, a nemi ganin kayan aikinsa, sannan a roƙe shi ya zo da karen da ya horar. A tsaya a lura da abin da wannan karen zai yi sa'ad da mutumin ya ɗaga hannu zai gyara hularsa, ko zai ci gaba da kallonsa yana kaɗa wutsiya, ko kuwa zai runtse ido ya maƙale a ƙasa.